Motar da Ba Ta Kai Hong Ba

Ban taɓa sa wa raina sayen mota ba sai da gwamnati ta hana hawa babur a Yola da Jimeta. Kafin nan babur ne ƙafata. Shi ke kai ni ofis daga Karewa, shi ke kai ni kasuwa, ranar Juma'a kuma in gangara Yola in yi salla a Wuro Hausa, unguwar da aka haife ni, in gaisa da dangi. Da rikicin 'yan bindiga ya fara matsowa daga Borno, aka ce da babura suke kai hari, sai muka wayi gari da sanarwa a rediyo. Na jingine nawa a zaure na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma.

Wata da watanni muna fama da keke napep. Kullum da safe ni da maiɗakina da yara uku mu tsaya bakin titi muna ɗaga hannu, kekunan na wuce mu a cike. Wata rana ruwan sama ya yi mana dukan tsiya, ƙaramar 'yata ta isa makaranta da littattafanta a jiƙe. A ranar na ce a ofis ina neman shawarar mota.

Babu wanda ya yi gardama da wani. Duka suka ambaci mota ɗaya, ta wani kamfanin Japan da ba sai na faɗi sunansa ba, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen Jimeta ya ga irinta sun fi a ƙirga. Wani ya ce ba ta shan mai. Wani ya ce kayan gyaranta ko wurin mai shayi ka tambaya za a samo maka. Babban akawunmu, wanda ya daɗe da irinta, ya buga tebur ya ce, "Wannan mota ba ta mutuwa. Kai za ka gaji da ita, ita ba za ta gaji da kai ba."

Na sayar da babur ga wani mutumin ƙauye, na haɗa da abin da na daɗe ina tarawa, na sayo ta a wurin dillalan hanyar Numan. 'Yar Kwatano ce, ruwan toka, kujerunta ba yagewa ko ɗaya. Ranar da na shigo da ita layinmu, yara suka bi ta da gudu har ƙofar gida. Maiɗakina ta fito da mayafi a hannu, ta tsaya tana dariya.

Tafiyar nesa ta farko da na yi da ita Mubi na je, wurin Adda. Adda ita ce babbar yayarmu. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara huɗu, saboda haka hannun da na sani yana yi mini wanka, yana tsefe mini ƙaya a ƙafa, yana kuma dukana idan na yi laifi, nata ne. Ta auri wani malamin makaranta da aka tura Mubi, suka zauna can har ya yi ritaya. Kowa Hedimasta yake kiransa, har ita. Allah bai ba su haihuwa mai rai ba. Ni ne ɗanta, kuma ko da furfura ta fara fito mini ba ta daina kirana Auta ba.

Mace ce mai jiki, ga ciwon suga da ya kama ta tun tana tsakiyar ƙarfinta, ga gwiwa. Duk zuwanta Yola a motar tasha sai ta yi kwana biyu tana jinyar ƙafafu, saboda yadda ake cusa mutane. Da ta ga motar a ƙofar gidanta sai ta zagaye ta a hankali, ta dafa bonet ta yi addu'a mai tsawo. Daga nan ta shige ciki ta sako sabon lefaya ta ce in kai ta gaishe-gaishe. Ta zauna a baya ta hakimce. Gida biyar muka je a yammacin nan, har da gidan da a ƙafa ma bai kai a ce an yi tafiya ba. A kowane gida sai ta sa an fito an ga motar.

A hanyar dawowa ta ce, "Auta, na huta da motar tasha ke nan."

Na ce, "Kin huta, Adda. Duk ranar da kike son Yola, waya kawai za ki yi."

Motar ba ta daɗe ba ta fara nuna halinta. Da zafin bazara ya shigo, irin zafin Yola da ko inuwa ba ta da amfani, sai esi, mai sanyaya cikin mota, ya mutu. Aka zuba iska, ya yi sati ya sake mutuwa. Gilashin gefen direba ya maƙale a sama, sai na riƙa buɗe ƙofa idan zan yi magana da sojoji a shingen bincike, su kuma ba sa son haka ko kaɗan. Giya ta koyi fizga idan inji ya yi zafi. Baƙin mai kuwa sai ka ce shayi take sha. Idan na kai kuka ofis, babban akawu ya ce, "Hannu ne. Wanda ya riƙe ta a can waje ne bai kula da ita ba. Tawa lafiya lau." Wasu kuma a bayan idonsa su ce mini tasu ma haka take, sun dai yi shiru ne.

A haka na saba da garejin wani bakanike a bayan kasuwa, dattijo mutumin Numan, Kirista, mai ƙarancin magana. Injiniya nake kiransa, shi kuma ya ce mini Oga. Ba ya canza abin da bai lalace ba, kuma idan ya cire tsohon ƙarfe sai ya saka maka shi a but ka tafi da abinka. Hausarsa irin ta Jimeta ce, komai a wurinsa namiji ne.

Wajen ƙarshen damina na fara jin wani ƙwas-ƙwas a gaba idan na shiga rami. Na kai masa. Ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar dama da hannu biyu ya girgiza. Ya sake girgizawa, sannan ya miƙe yana goge hannu.

"Oga, boljoyin ya gaji."

Na ce mene ne kuma boljoyin.

Ya nuna mini wani ɗan dunƙulen ƙarfe a bayan taya, bai fi girman lemun tsami ba. Ya ce, "Shi ne yana riƙe ƙafan gaba. Irin motan nan, injin shi yana da kyau, amma nan ne ciwon shi. Kuma ba ya sallama. Kana tafiya kawai ƙafan zai fita."

Na ce to a canza. Ya ce wanda ke kasuwa yanzu jabu ne, ba zai saka mini ba. Masu shagunan da ke kawo na kirki da yawa sun rufe sun tafi garuruwansu saboda tsoro. Zai aika a kawo daga Kano, sati guda. Ya ce in bar motar a wurinsa kafin nan. Na ce yara fa, makaranta fa? Zan riƙa tafiya a hankali, iyakata cikin gari.

Kayan ya iso kamar yadda ya ce. Ya kira ni, na ce sai Asabar. Ranar Asabar aka yi suna a unguwar Makama, gidan abokin aikina, na kwashi mata na kai na dawo da su. Ya sake kira a sati na biyu, na ce ina tafe. Ƙarar ma ta ɗan yi sauƙi a kunnena, ko kuma na saba da ita ne. Ban je ba.

Ana cikin haka Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga.

Ina ofis labari ya iso. Kowa ya fito tsakar gida da waya a kunne. Na kira Adda ban san iyaka ba, ba ta shiga. Na kira Hedimasta, haka. Sai washegari da yamma wayata ta yi ƙara, na ji muryarta can ƙasa, tana haki.

"Auta, muna raye. Mun fito a ƙasa, ta daji. Ko takalmin kirki ban ɗauka ba."

Na ce, "Kuna ina yanzu?"

Ta ba Hedimasta. Ya ce suna wani ƙauye a bayan duwatsu, mutanen wurin sun ce idan suka yi sammako za su fita titi a wajen Hong kafin azahar. Ya ce cajin wayar ya kusa ƙarewa. Na ce su tsaya a bakin titi daidai shigar gari, kada su gusa, ina zuwa da mota. Na ji Adda daga gefe tana cewa, "Ka taho da ruwa." Daga nan layin ya yanke.

Maiɗakina ta cika jarkoki biyu da ruwa, ta sa burodi da dafaffen ƙwai da maganin suga da muka saya a kemis, da silifas ɗinta sababbi. Tana saka kayan a but ta tambaye ni, "Maigida, ka kai gyaran nan kuwa?" Na ce mata motar lafiyarta ƙalau. Da aka idar da sallar asuba na kama hanya.

Tun daga gadar Binuwai na fara gamuwa da masu gudun hijira. Motoci cike har saman rufi, mutane a maƙale a jikin tifa, a-kori-kura ɗauke da mata da awaki tare. Bayan Girei sai masu tafiya a ƙasa, layi biyu a gefen titi ba iyaka. Na ga wani mutum yana tura tsohuwa a baro. Na ga 'yan makaranta da jakunkuna a ka, wata mata da katifa a naɗe da goyo a baya. Ni kaɗai ne nake tafiya arewa, sai jefi-jefi motar sojoji ta wuce ni. Wasu suna ɗaga mini hannu suna nuna in juya.

Na yi wa Injiniya alkawarin tafiya a hankali, amma a ranar ban tuna da shi ba. Na wuce Song rana ta fara zafi. Can gaba kaɗan, wata babbar mota ta taho ta cinye titi, na kauce mata na faɗa rami. Na ji ƙara kamar an karya icce. Gaban motar ya durƙusa ta dama, sitiyari ya ƙwace daga hannuna, ta ja ƙasa da hanci har ta tsaya a cikin ciyawa.

Ban ji ciwo ba, sai leɓena da ya fashe. Na fito na zagaya. Tayar ta kwanta a gefe, ta fita daga mazauninta, ƙarfe ya tona ƙasa ya bar dogon layi tun daga kwalta. Injin kuwa bai mutu ba, yana ta aikinsa lafiya lau. Na tsaya ina kallonta na ma manta ban kashe ba, sai wani mai wucewa ne ya ce, "Malam, kashe mana, kana ƙona mai."

Na kira Injiniya. Ya tambaye ni daidai ina ne. Ya ce ba mai motar janwe da zai yarda ya fito hanyar nan yau, amma zai san yadda zai yi. Na kira Hedimasta, wayar a kashe.

Na kulle motar, na ɗauki jarka ɗaya da ledar magani na fara tafiya a ƙasa. Ruwan bai yi nisa ba. Mace ta farko da ta roƙe ni da yaro a hannu ban iya hana ta ba, kuma da aka ga na buɗe jarka sai aka kewaye ni. Wajen azahar wata a-kori-kura da za ta ɗauko iyalan mai ita ta tsaya mini, ta kai ni Gombi. A nan sojoji suka tare hanya, suka ce ba mai wucewa gaba. Na roƙi wani daga cikinsu, na ce yayata ce, ba ta da lafiya, tana jirana a Hong. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce kowa a nan yana da wanda ke jiransa, in koma baya.

Na wuni a bakin shingen ina duba fuskar duk wanda ya fito daga wancan ɓangaren. Duk mace mai jiki da na hango sai in matsa kusa in duba ko ita ce. Ina tambaya, ko kun ga wata dattijuwa da wani dogon tsoho mai tabarau? Wasu su girgiza kai, wasu ko kallona ba sa yi. Da la'asar aka ce an ji harbi a wajen Hong, mutanen da ke bakin titi sun watse sun koma daji. Na kwana biyu a Gombi, a masallaci, sannan na koma wurin motar.

Na tarar da Injiniya a can. Da kansa ya zo, a bayan wata motar itace, da jak da akwatin sifanu da ɗan ƙarfen nan a aljihunsa, har yanzu a cikin ledarsa. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙasa. Ko awa guda bai yi ba ya gama. Ina tsaye a kansa ina jira ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Da ya sauke jak sai ya tambaye ni, "An samu labarin Mama?" Na ce a'a. Ya ce, "Za mu sa shi a addu'a a coci." Shi ya tuƙa mu zuwa gida.

Sai a kwana na biyar wata baƙuwar lamba ta kira ni. Hedimasta ne, da wayar wani. Suna Girei, a wata makarantar firamare da aka tara 'yan gudun hijira. Na same su a barandar wani aji. Shi ya zama kamar sanda, tabarau ɗinsa ido ɗaya ya fashe. Ita tana zaune ta miƙe ƙafafu, ta naɗe ta hagu da yankin zaninta. Na durƙusa a gabanta na kasa ɗaga kai.

Ta dafa kaina ta ce, "Auta, me ya sami bakinka?"

Na ce mota ce ta lalace da ni a hanya, ƙafarta ta fita.

Ta ce, "Inna lillahi. Allah ya tsare da ba ka karye ba." Ta juya wurin Hedimasta. "Ka ji ko? Na ce maka ba haka kawai ba."

Kututture ne ya soke ta a tafin ƙafa a kwana na uku, bayan sun koma daji. Ba ta ma ji ba sai da Hedimasta ya ga jini a sawunta, don ciwon suga ya riga ya kashe mata jin ƙafa. A haka ta ci gaba da takawa, ba magani, ba wankewa, har suka sami motar da ta kwaso su.

Gidanmu na Karewa ɗaki uku ne. A watannin nan mun kwana mu fiye da ashirin, da dangin maiɗakina daga Michika da wasu da ba mu ma san su sosai ba. Muka ba Adda ɗakinmu. Kowace safiya in kai ta asibiti wankin ciwo, ni da Hedimasta mu tallabe ta mu sa ta a kujerar baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk tsawon jinyar nan motar ko tari ba ta yi ba. Murɗa makulli ɗaya take tashi. Giyar ma ta daina fizga. Sau da yawa idan na ajiye su a ƙofar asibiti na je wurin fakin, sai in zauna a ciki in kifa kai a sitiyari, ina jin kamar in sa mata wuta.

Ciwon bai warke ba. Aka yanke yatsu biyu. Bayan wata guda likita ya kira ni gefe ya ce sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Adda ta ƙi. Ta ce da ƙafarta ta zo duniya, da ita za ta koma. Sati biyu muna lallashi, ni da Hedimasta da maiɗakina. Ranar da ta yarda, ni ta kalla ta ce, "Don kai zan yi, don na ga ka fi ni shan wahala." Aka yi aikin, amma an makara. Ta ƙara wata biyu, yawanci a kwance, tana koya wa 'yata ta fari yadda ake dama kunun gyada daga kan gado, tana faɗa idan an cika tsamiya. A lokacin an riga an ƙwato Mubi, kullum tana maganar komawa ta ga abin da ya rage a ɗakinta. Ta rasu wata Talata da hantsi, ana shirin yi mata wankin ciwo. Muka kai ta Yola muka binne kusa da iyayenmu.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, Hedimasta ya ce zai koma gida. Ranar da zai tafi muna zaune a zaure mu biyu, jakarsa a gefe, yana ba ni labarin tafiyarsu a daji. Bai taɓa ba ni shi a jere ba sai ranar. Ya faɗi ƙauyen da aka ba su ɗanyar gyada, da rafin da suka tsallaka. Ya ce sun fito titin Hong tun kafin azahar, kamar yadda aka yi da ni, suka zauna a gindin wata tsamiya.

Ya ce, "Har wata tifa ta tsaya. Direban tsohon ɗalibina ne, ya gane ni. Ya sauko ya ce in kawo Hajiya ya sa ta a gaba, ni in hau baya. Na ce ta tashi. Ta ce ba inda za ta. Ta ce, ƙanena yana hanya da motarsa, idan ya zo bai same ni ba wucewa zai yi ciki nemana, su kashe shi. Yaron nan ya yi ta roƙo har mutanen da ke baya suka fara buga mota. Ya tafi. Ba a yi awa biyu ba aka fara harbi."

Bai faɗa don ya ɗora mini laifi ba. Labari yake bayarwa, ya zo wurin ya faɗa. Sai da ya ga fuskata ya ce, "Ta hana ni gaya maka. Na manta."

A nan na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina. Na ce bakanike ya gargaɗe ni tun sati uku kafin ranar. Na ce kayan gyaran yana ajiye a gareji, an kira ni sau biyu ban je ba. Na ce aikin da bai kai awa guda ba ne.

Hedimasta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Na zaci zai tashi ya fita. Can ya ce, "Ni ma tun da 'yan bindiga suka kama Michika ta ce mu taho Yola. Na ce ba inda za ni, ba abin da zai sami Mubi. Har jaka ta haɗa, na sa ta kwance." Ya mayar da tabarau. "Kai da naka, ni da nawa. Kwananta ne ya ƙare. Mu roƙa mata gafara, mu roƙa wa kanmu."

Na kai shi tasha. Da zai sauka ya ce in gaida yara.

A daren ban faɗa wa maiɗakina ba, sai bayan kwana biyu. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta sani tun ranar da ta tambaye ni a bakin but, don ban kalle ta ba da na amsa. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Na ci gaba da hawa motar wasu shekaru, don ba ni da wata. Ta koma halinta na da, har da sababbi. Giyabos ya mutu gaba ɗaya aka saka na hannu, ɗan Beljiyam, lagireto ya fashe a tsakiyar kasuwa, fenti ya ƙone a rufi. Duk wata uku nakan kai ta a duba ƙafafun gaba, ko da ƙara ko babu, har Injiniya ya riƙa cewa, "Oga, lafiyan shi ƙalau, ka je." Da idonsa ya raunana ya rufe gareji ya koma Numan wurin 'ya'yansa. Waɗanda na gwada bayansa ba su kai shi ba. Da man fetur ya yi tsadar da ya yi, sai na ajiye ta a ƙofar gida, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Bara wani mai sayen tsofaffin motoci ya zo ya ja ta. Ina ofis aka yi, da gangan.

Matasan ofishinmu har yanzu irinta suke saye, sabon yayi, kuma kalaman da aka gaya mini su ake gaya musu. Idan sun tambaye ni nakan ce mota ce mai kyau, ta yi wa mutane da yawa amfani, amma su nemi bakanike mai gaskiya, kuma idan ya kira su su je a ranar.

Hedimasta yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai. Ya gyara ɗaki ɗaya a gidan Mubi yana zaune, 'yar ƙanensa na dafa masa abinci. Duk lokacin da aka kira 'yan fansho tantancewa yakan zo Yola ya sauka a wurinmu. Zuwansa na ƙarshe ya kawo wa yara rake da gyaɗa, ya kwana uku. Na raka shi sakatariya a keke, muka wuni a layi, ina riƙe masa fayil, yana gyangyaɗi a kan benci. Da aka kira sunansa bai ji ba, sai da na taɓa shi.